Daga Sabon Zango Zuwa Chale Wote: Makaɗan Da Ya Kamata A Saurara

Watan Agusta a nan Ankara wata ne na sanyin teku. Manyan ruwan sama na Yuni sun ɗauke, rana ba ta da kaifi, da yamma har sai mutum ya nemi riga mai kauri. A wannan lokaci ne masu masaukinmu, mutanen Ga, suke bikin Homowo. Kowa ya san yadda sukan hana kiɗa da hayaniya na tsawon wata guda tun wajen Mayu, dokar da takan shafi har lasifikokin masallatai da majami'u. To, in Agusta ya kama, ganga ta dawo gari da ƙarfinta, kuma a cikin wannan wata ne ake yin bikin Chale Wote, wanda shi ne dalilin rubutunmu na yau.

Ga wanda bai sani ba, kalmar da harshen Ga take, ma'anarta aboki mu tafi, kuma ita ce sunan da ake kiran silifas ɗin roba da muke shiga bayi da su. An fara bikin a 2011 a Jamestown, a hannun wata ƙungiyar matasa masu fasaha mai suna Accra[dot]Alt, wadda Mantse Aryeequaye da Sionne Neely suka kafa. Su ne kuma suka riƙa shirya wani bikin kiɗa a watan Disamba domin makaɗa masu cin gashin kansu, watau waɗanda ba wani babban kamfanin faifai a bayansu. Da farko Indie Fuse ake ce masa, daga baya ya koma Sabolai Radio. Sabolai kuwa albasa ce da harshen Ga. A 2023 aka ɗauke Chale Wote daga Jamestown aka kai shi Osu, wajen dandalin Black Star.

Daga Sabon Zango tafiyar ba ta da nisa. In mutum ya fito ta titin Oblogo, ya bar kasuwar kayan gyaran mota ta Abossey Okai a bayansa, sai ya nufi Korle Bu, ya haye gadar tafkin Korle yana toshe hanci, ga shi a Jamestown. Muna ba da shawara a sauka a nan a taka da ƙafa, ko da yake bikin ya ƙaura. Ga hasumiyar fitilar jiragen ruwa mai ja da fari, ga ganuwar James da Ingilishi suka gina a 1673, gaba kaɗan ga ta Ussher wadda mutanen Holan suka gina a 1649. Yawancin zane-zanen da aka yi a bangaye a shekarun da bikin yake nan sun koɗe, amma ana ganin sauransu, kuma wasu daga ciki hannun yaranmu ne na Nima, irin su Moh Awudu da 'yan ƙungiyar Nima Muhinmanchi Art. Wannan hanya ce dai kakanninmu suka bi, sai dai su daga cikin gari suka fito. Malam Bako, wanda asalin gidansu Katsina ne, ya taso da jama'arsa daga tsohon zangon da ke kusa da kasuwar Makola, ya kafa Sabon Zango wajen 1912 a kan ƙasar da sarakunan Ga suka ba shi. Saboda haka ɗan zango da ya shiga Jamestown ba baƙo ba ne, tsohuwar unguwa ya koma.

Yanzu ga maganar kiɗa. Jadawalin bikin yana canzawa kowace shekara, sai a duba takardun da ake mannawa a bango da sanarwar rediyo. Abin da za mu yi shi ne mu ambaci sunayen da in an gan su, a Chale Wote ne ko a dandalin Alliance Française ko a bukukuwan Disamba, bai kamata a bari su wuce ba. Mun fi karkata ga masu kiɗa da hannu, domin wanda zai hau dandamali ya sa a kunna masa faifai yana bin baki, to gara mutum ya zauna gida ya kama rediyo. Masu kiɗa da hannu sun sha wuya a ƙasar nan. Dokar hana fitar dare da aka kafa a ƙarshen 1981 ta ɗauki fiye da shekara biyu, gidajen rawa suka mutu, makaɗa da yawa suka watse zuwa Lagos da London da Hamburg. Duk wanda ya ga mutum takwas a dandali yau, kowa da abin kiɗansa, ya sani ba da sauƙi aka dawo da wannan ba.

Na farko a wurinmu shi ne King Ayisoba, mutumin Bongo Soe kusa da Bolgatanga. Abin kiɗansa kologo, ƙwarya ce aka rufe da fata aka ɗaura mata tsirkiya biyu. Duk Bahaushen da ya gan ta zai ce ai wannan gurmi ne ko molo, kuma bai yi ƙarya ba, dangi ɗaya ne da su da kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda shi tsirkiya ɗaya gare shi. Ayisoba ya taso yana kiwon shanu yana kaɗa kologo a daji, ya zo Ankara ya yi aikin gadi, ya haɗu da marigayi Terry Bonchaka suka yi wasa tare har rasuwar Terry a 2003. Faifansa Modern Ghanaians ya fito a 2006, kuma a 2007 waƙar da ke ciki ta ɗa mai neman ganin ubansa ta ci kyautar waƙar shekara ta ƙasa. Daga baya kamfanin Glitterbeat na Turai ya fitar masa da 1000 Can Die a 2017 da Work Hard a 2023. Amma faifai bai kama rabin abin da yake yi a dandali ba. Murya biyu gare shi, ɗaya siririya ta hanci, ɗaya kuma mai kauri kamar ana jan turmi a kan dutse, yana sa su suna amsa wa juna kamar mutum biyu na gardama. Mutanensa na kaɗa gangar hammata irin kalangunmu da ƙaho da ƙwarya, ga rawa mai ƙarfi. Ba kiɗan kwantar da hankali ba ne, mai ciwon kai ya tsaya daga nesa. Abin da ke ba mu mamaki, in mun tsaya cikin taro irin wannan, shi ne Turawa da 'yan jami'a ne ke cika gaba suna ɗaukar hoto, alhali mu da muka tashi muna jin irin wannan tsirkiya a ƙofar gidan biki muna can baya muna cewa ai kiɗan ƙauye ne.

Sai ƙungiyar Santrofi, samari takwas masu kiɗan highlife da jita da ƙahoni da ganguna. Shugabansu Emmanuel Ofori ya yi aiki a ƙarƙashin Ebo Taylor da Pat Thomas kafin ya tara nasa mutanen, shi ya sa kiɗansu ke da ɗanɗanon na shekarun 1970, irin wanda iyayenmu suka ji a garmaho. Sunan faifansu na farko na 2020 zai sa ɗan zango murmushi: Alewa. I, alewar nan dai mai baƙi da fari da ake sayarwa a faranti a ƙofar makarantar allo. Kalmar daga bakinmu ta shiga harsunan kudu, kamar yadda wake ya zama waakye, ƙosai ya zama koose, tuwon zafi ya zama abincin kowa. Su sun ɗauki alewar ne a matsayin misalin zaman baƙi da fari wuri ɗaya. Wannan ƙungiya ce da mutum zai iya kai maiɗakinsa da 'ya'yansa su kalla ba tare da ya sunkuyar da kai ba, kuma ƙahoninsu a fili, cikin iskar teku, sun fi daɗi nesa ba kusa ba bisa yadda suke a waya.

Wiyaala 'yar Funsi ce a ƙasar Sisala, tana waƙa da Sisalanci da Walanci da Turanci, ta ci kyauta biyu a gasar AFRIMA ta 2014. Muryarta kaɗai ta isa ta cika fili. Alogte Oho da 'yan amshinsa mata daga Bolgatanga suke, waƙoƙinsu na majami'a ne da harshen Farafara, mun faɗa tun da wuri don kowa ya san abin da zai tarar. Amma wanda ya san amshin matan arewa a wurin daka ko a gidan suna zai gane salon nan take. Akwai kuma Kwan Pa, masu raya tsohon kiɗan jita na zaman hira wanda Agya Koo Nimo na Kumasi ya shahara da shi. Su a zaune ake jin su, da rana tsaka, lokacin da ƙafa ta gaji.

Kada kuma dandamali ya ɗauke wa mutum hankali ya manta da ƙasa. Sau da yawa kiɗan da ya fi kyau a bikin ba ya cikin jadawali: 'yan kpanlogo ne a gefen titi, da mai gangar gome da ke zama a kanta yana danna fatar da dugadugansa, da 'yan badujala masu zagaya gari jama'a na bin su a guje. Kpanlogo a unguwannin nan na bakin teku aka haife shi a farkon shekarun 1960, manya suka yi ta ƙyamarsa suna cewa rawar 'yan iska ce, yau kuwa shi ake nuna wa baƙin gwamnati.

To ina namu? A nan ne maganar take da ɗan ɗaci. In ana batun zango da kiɗan zamani dole a fara da Nima, unguwar da Malam Amadu Futa ya kafa a farkon shekarun 1930. A lungunanta ne ƙungiyar VIP ta taso a shekarun 1990, Friction da Lazzy da Promzy da Prodigal da Bone, suna cakuɗa Hausa da Tuwi da Turancin buroka. Waƙarsu Ahomka Womu ta 2003 ta game Afirka ta Yamma, har Nijeriya ba gidan bikin da ba a sa ta ba, suka zama gwarzayen shekara a 2004, suka sake a 2011. Bayan Promzy ya fita, Reggie Rockstone ya shigo a 2014 aka koma kiransu VVIP. Babban abin da suka yi wa unguwa shi ne Sallafest, wasan da ake toshe babban titin Nima dominsa a lokacin Salla, manyan mawaƙan ƙasa su zo su yi wa jama'a wasa kyauta. Wanda ya taɓa tsayawa cikin wannan taro ya san babu masaka tsinke tun daga kasuwa har Maamobi. Sai kuma Black Sherif, Mohammed Ismail Sherif, ɗan zangon Konongo, wanda aka haifa a 2002. Ya fito da waƙoƙinsa biyu masu sunan huɗuba a 2021, Kwaku the Traveller a 2022, ya zama gwarzon shekara a 2023, kuma a faifansa na farko akwai waƙa sukutum mai sunan zangonsu. Ya girmi ƙaramin dandalin titi yanzu, wasansa na Zaama Disco a Disamba yake yi, da tikiti. Iyaye da yawa ba sa son wasu kalmominsa, mu ma ba duka muke so ba, amma wanda yake son ya san abin da ke cikin zuciyar yaron da ya gama makaranta ba aiki, yana zaune a benci a bakin lungu, to ya saurare shi da kunnen basira.

Duk da haka, a lura da abu ɗaya. Bafarafare ya hau dandali da kologonsa da harshensa, 'yar Sisala ta hau da nata, Dagwamba suna da Fancy Gadam da Maccasio masu cika filin wasa na Tamale da Dagbanci. Mu kuwa, da Hausarmu ake ciniki tun daga Bawku har Takoradi, da wuya ka ji waƙa guda cikakkiya da Hausa a waɗannan wurare, sai dai baiti ɗaya ko biyu a tsakiyar Tuwi. Masu goge da kalangu da ke yi mana wasa a gidajen aure suna nan, masu mandiri na Mauludi suna nan, amma ba mai kai su inda ake ba makaɗi lasifika mai kyau da kuɗin aikinsa. A ganinmu dalilin a gida yake. Mun gāji ɗaukar makaɗi a matsayin maroƙi, muna yi masa liƙi ranar biki, amma ba ma ba shi 'ya, kuma yaron da ya ɗauki jita sai a ce ya lalace. A lokaci guda kuma kowace wayar zango cike take da waƙoƙin Kano da Kaduna, kamar yadda gidajenmu suka cika da kaset ɗin Shata da Barmani Coge a da. Ga kuma Alhaji Sidiku Buari, wanda ya fitar da faifai a Amurka tun 1975, daga baya ya shugabanci ƙungiyar makaɗan ƙasar nan ta MUSIGA. Yaran yanzu kaɗan ne suka taɓa jin kiɗansa.

Ga masu niyyar zuwa, ranakun Asabar da Lahadi na ƙarshen makon bikin su ne na cunkoso. A je da hantsi ko bayan Azahar, lokacin da ake iya ganin masu zane suna aiki kuma masu kiɗan gargajiya ba su gaji ba. Bayan Magariba taron kan canza kama, shaye-shaye ya yawaita, shigar wasu kuma ba ta kallon yara ba ce, saboda haka mai iyali ya kama hanya da wuri. A sa waya da kuɗi a aljihun gaba. A ci abinci tun daga gida, ko a tsaya wurin Hajiya mai waakye a bakin titi kafin a shiga mota, domin farashin cikin fili na baƙi ne. Mai dawowa Sabon Zango daga Osu ya nemi motar Tema Station, daga nan ya kama ta Korle Bu ko ta Kaneshie. Mai zuwa Nima da Maamobi kuwa ya bi ta Kanda, in lokacin salla ya riske shi ga babban masallacin ƙasa da aka buɗe a 2021 a kan hanyarsa.