Tiendpalogo: Zaure Ya Tashi, Takarda Ta Rage

A watan jiya na taso daga Bobo zuwa Wagadugu, don in raka goggona neman takardar gado bayan rasuwar maigidanta. Ga abin da idona ya gani, ko wani zai ƙaru.

Da na sauka tasha ban wuce masauki ba, sai na ce wa mai taksi ya kai ni Tiendpalogo, inda aka yanke mini cibiya. Yaro ne, ya dube ni ya ce, "Baba, ko ZACA kake nufi?" Na ce mu je. Muka bi titin Kwame Nkrumah muka ratsa ta gabas. Ga benaye, ga filaye da aka kewaye da kwano, ga ciyawa. Na nemi ƙofar gidanmu na rasa.

Yaran yanzu sai an ba su labari. Tiendpalogo da Zangouettin da Peuloghin unguwanni ne maƙwabtan juna a tsakiyar gari, kusa da babban masallaci da babbar kasuwa. Nan Hausawa fatake suka yi zango har zango ya zama gida. A 2003 aka rushe su saboda aikin ZACA, aka tashi mutum fiye da 12,000, aka ba wasu filaye a wajen Ouaga 2000, wasu a Nioko.

Abin da na tsaya ina tunawa shi ne zaure. A da, in rigima ta tashi, ta bashi ce ko ta aure ko ta katanga, ba a fara da hukuma. Sai a tafi wurin sarkin zango ko liman bayan la'asar. A shimfiɗa tabarmi, dattawa su zauna, kowa ya faɗi nasa da Hausa. Ba a neman shaida daga nesa, don duk wanda ke zaune ya san uban mai ƙara da uban wanda ake ƙara. A yi sulhu, a shafa fatiha, a raba goro. Amma fa kada mu yi wa zaure ado fiye da kima: mace ba ta cika samun bakin magana ba, kuma babu abin da ake rubutawa. To, da unguwa ta watse, sai shaidar ta watse tare da ita.

Wannan ne ya same mu. Filin da aka ba mijin Goggo bayan rushewar da sunansa yake, ba ya komawa hannun magada sai da takardar da ta lissafa su ɗaya bayan ɗaya. Mai ba da ita kuwa ƙaramar kotun gunduma ce, wadda ke zama a lameri. Ana so mu zo da takardar rasuwa, da takardun haihuwar 'ya'ya, da shaidu. Kwana biyu muka yi bisa babur muna neman tsofaffin maƙwabta. Ɗaya yana Nioko, ƙafa ta hana shi fita. Ɗaya ya riga mu gidan gaskiya. Da ƙyar muka samu mutum biyu masu katin ɗan ƙasa da bai mutu ba.

Ranar zama muka yi sammako. Ɗaki ne madaidaici, da tebur da bencina. Babu jar riga, babu baƙa. Shugaba yana tsakiya, mataimaka biyu a gefensa, ga sakatare da babban littafi. Waɗannan mataimaka ba su yi makarantar alƙalanci ba. Mutanen gari ne da aka naɗa, suka yi rantsuwa. A Amurka ƙuri'a ake yi a ɗauko mutum 12 daga cikin jama'a su yanke ko mutum ya yi laifi. A Faransa mutum 6 ke zama da alƙalai 3 a manyan laifuffuka. Namu ba haka ba ne: ba ƙuri'a, kuma ba su taɓa shari'ar sata ko kisa. Aikinsu takardun haihuwa da na gado da ƙananan basussuka. Dokar 1993 ta tsayar musu da iyaka a jika 100 na sefa, ta 2019 ta ɗaga zuwa jika 300. Wanda bai gamsu ba yana iya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu.

Zaman talaka kusa da alƙali ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Manya suna tuna kotunan juyin juya hali na zamanin Thomas Sankara, waɗanda suka fara zama ranar 3 ga Janairu 1984 a Maison du Peuple, da 'yan CDR cikin masu hukunci, ana sa wa a rediyo. Tsohon shugaba Sangoulé Lamizana aka fara gurfanarwa, aka wanke shi. Sai dai ba a yarda da lauya ba, mutum shi ke kare kansa.

Da aka kira mu, shugaba ya yi tambaya da Faransanci, ya juya da Mosanci. Goggo ta rikice. Sai ɗaya mataimakin, wani dattijo mai farar hula, ya ce mata da Hausa, "Hajiya, kwantar da hankalinki. 'Ya'ya nawa marigayi ya bari, har da na ɗayan ɗakin?" Nan take ta lissafa su tara, ba ta ɓoye na kishiya ba. Aka tambayi shaidu, suka tabbatar. Cikas ɗaya aka samu: autarsu ba ta da takardar haihuwa, don ba a rubuta ta cikin wata biyun da dokar iyali ta 1989 ta bayar ba. Dole sai da aka sake wani zama, da wasu tambura, aka yi mata hukuncin da ke maye gurbin takardar.

A hanyar gida Goggo ta ce, "Ɗan nan, da babu mai farar hular nan da na kasa." Maganarta ta tsaya mini a rai. Mun saba cewa harkar hukuma ta 'yan ƙasa ce, mu kasuwa ta ishe mu. Alhali kakanninmu a nan aka binne su. In aka nemi mai zama a kujerar mataimaki, masu karatunmu su daina noƙewa.

Sannan ina roƙon kowane maigida, tun dattawan da suka san mu suna da rai, ya duba akwatinsa. Ɗan da ba shi da takardar haihuwa a yi masa. Auren da aka ɗaura a masallaci kaɗai a je lameri a rubuta shi. Gadon da aka raba da baki a sa shi a takarda. Rigakafi ya fi magani. Allah ya jiƙan magabatanmu na Tiendpalogo, ya sa mu gama da duniya lafiya, amin.