Masu Hannu da Shuni

Duk baƙon da ya sauka Kano da niyyar buɗe ido, hanya ɗaya ake bi da shi, kamar an shata ta da alli. A fara da Gidan Makama ya ga kayan tarihi, a nufi marinar Ƙofar Mata, a kutsa da shi lungunan kasuwar Kurmi, in da sauran ƙarfi a ƙafarsa a hau da shi Dutsen Dala ya hango birni da abin da ya saura na ganuwa. Akwai samarin da wannan rakiya ita ce sana'arsu, sun haddace bayani da Turanci, wasu har da ɗan Faransanci. A da, musamman lokacin hawan Salla, kasuwarsu na ci sosai. Tun bayan hare-haren watan Janairu na 2012 Turawa suka ɗauke ƙafa, annobar 2020 kuma ta zo ta ƙara dagula al'amari. To, yanzu da hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024, ana kyautata zaton baƙi za su dawo. Allah Ya sa.

Amma fa ba don baƙi muka ɗauki alƙalami ba. Mu malaman sakandare mu ma muna bin wannan hanya, mu cika mota da ɗalibai sau ɗaya a shekara idan shugaban makaranta ya sami kuɗin mai. Abin da muka lura da shi shi ne, wannan zagaye riga ce da aka ɗinka daidai jikin baƙo. Shi baƙo abin da yake so kaɗan ne: a gaya masa shekara, ya ɗauki hoto, ya sayi tsaraba. Saboda haka ɗan rakiya zai ce masa an kafa marinar nan a 1498, an kafa kasuwar Kurmi zamanin Sarki Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, sannan Baturen nan ɗan Jamus, Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851 ya yi mamakin yadda tufafinta ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Madalla da wannan bayani. Sai dai in aka karanta wa ɗan Fagge ko ɗan Gwammaja shi kaɗai, an mai da shi baƙo a garin ubansa. Zai rubuta 1498 a littafinsa, ya koma gida bai san abin da ke cikin ramin ba.

Abin da ke cikin ramin kuwa shi ne karatun. Rami ne mai zurfi, ya shanye tsayin mutum nesa ba kusa ba, an shafe cikinsa da laso don kada ruwa ya tsiyaye. A zuba ruwa, a zuba toka da katsi, a kawo baba a zuba, a rufe a bar shi ya yi kwanaki yana ruɓa. Daga nan kullum sai an sa muciya an motsa, har kumfa ta taso, marini ya duba launinta, ya shinshina, ya ce ruwa ya nuna. Ba ma'auni a hannunsa, ido ne da hanci da gado. Shi katsin nan kuma ba wani abu ba ne illa laka da ta kwanta a gindin ramin da ya mutu: a yashe ta, a cura, a shanya, a ƙona, ta koma cikin sabon rami. Wato tsohon rami shi ke tayar da sabo. Abin da ya fi ɗaure wa yara kai shi ne lokacin da aka tsamo zane. Kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska a gaban idonsu ya rikiɗe ya zama shuɗi. Malamin kimiyya zai yi darasi guda a kan wannan a allo, yara suna hamma. A bakin rami kuwa ba wanda ke ko ƙifta ido.

Wata shekara wata ɗalibarmu ta durƙusa ta gai da wani dattijon marini, ta ce, “Baba, me ya sa hannunka ya yi haka?” Ya daga hannun, shuɗi har gwiwa, ya yi dariya ya ce, “'Yan nan, ai mu ne masu hannu da shuni na gaskiya, kuɗin ne dai ba mu da shi.” Yara suka tuntsire da dariya. Da muka tambaye su, kowa a cikinsu ya san mai hannu da shuni shi ne attajiri, suna jin kalmar kullum a rediyo, amma ba ko ɗaya da ya san menene shuni. Sai da muka kai su wurin masu bugu, inda ake shimfiɗa rinannen tufafi a kan gungumen icce, a barbaɗa garin shuni, mutum biyu ko uku su dinga sauke masa mabugi bi da bi har ya ɗauki ƙyalli. Irin wannan tufafi, kore ko rawani ɗan Kura, a da sai wane da wane ke iya sayensa, kuma duk wanda ya sa shi shunin zai zuba a hannunsa da wuyansa. Ga asalin maganar. Buzaye har yau suna neman rawanin nan, ba sa kuma ganin zubarsa a fuska aibi ne.

A nan ne maganar ta shafe mu, 'yan'uwa marubuta. Hausar da muke rubutu da ita, rabinta a irin waɗannan wurare aka haife ta. Muna cewa an san a rina, an saci zanen mahaukaciya. Muna cewa kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi, alhali marina na cikin inda take kuɗin. Muna cewa wance ta kwana tana saƙa da warwara, wane yana saƙa da mugun zare, ba mu taɓa ganin ƙoshiya tana kai da komo ba, balle kunkurun da ke jan zare a gaban masaƙi. Muna cewa an zuga wane, kuma duk wanda ya tsaya a maƙera ya ga yadda zuga-zugi ke mai da baƙin gawayi ja wur, ba zai sake amfani da kalmar nan da wasa ba. Kalma in ta rabu da abin da ya haife ta, tana nan dai a baki, amma ta zama kamar goron da ya bushe.

Mu duba littattafan da muke bugawa. Jarumin kullum ɗan Alhaji ne, ko likita, ko wanda ya dawo daga Ingila da mota mai numfashi. Jaruma kuwa tana falo. Ina labarin ɗan marini da ya gama sakandare, ubansa yana so ya gaje shi, ita kuma budurwar tana ƙyamar hannunsa? Ina labarin baduku da ya wayi gari ya tarar takalmin roba ya cika kasuwa a kan rabin kuɗin nasa? Wannan ai rikici ne da ya ishi littafi, kuma ba sai an ƙago shi ba. Tun 1897 da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin kanti, baba ya soma gamuwa da kishiya. Daga baya masaƙun zamani na Kaduna da Kano suka zo suka danne masaƙin gargajiya, su ma kuma atamfar Sin ta zo ta rufe yawancinsu. Wanda ya je Ƙofar Mata yau zai ga ramuka da dama a bushe, kaɗan ne ke aiki. Kowane busasshen rami akwai gidan da a da yake ci daga gare shi.

Majema kam ba a cika kai baƙo ba, saboda wari. Mu dai muna kai ɗalibai, su toshe hanci su gani. A nan suke sanin cewa bagaruwar da suke takawa a hanya ita ce ke jeme fata, karan dafi kuma shi ke ba ta ja. Fatar jar akuyar Sakkwato da ake jemewa haka ita ce ayari ke ƙetare Sahara da ita, Turawa suka saye ta a hannun mutanen Maroko suka laƙaba mata sunan ƙasarsu. Sunan ya tafi wani wuri, warin ya tsaya a nan.

Akwai kuma abin da ke damunmu game da tsarin zagayen kansa. Sau da yawa ɗan rakiya ke magana, mai sana'a na tsugune yana aiki kamar wani ɓangare na kayan kallo. A ɗauke shi hoto da waya, a ɗora a intanet, a wuce. Ya bar aikinsa na rabin awa, abin da ya samu bai wuce na goro ba, wani lokaci ko sannu. Ba muna zargin samarin nan ba ne, neman halal suke, kuma da ba su da baƙi da yawa ba za su san hanyar Kurmi ba. Amma dai mun gwada wata hanya mun ga amfaninta. Mukan je tun ana jibi mu gai da shugaban masu sana'ar, mu nemi izini, mu yi ciniki a fili a kan lokacin da za mu ɗauke musu. Ranar zuwa ba ma wuce wuri biyu. Ɗan rakiya ya kai mu ya gabatar da mu, sannan ya koma gefe, dattijo ya yi bayani da bakinsa, da Hausa. Kowane yaro mukan ɗora masa ya dawo da kalma goma da bai sani ba, da ma'anarsu kamar yadda mai sana'ar ya faɗa. A maƙera kaɗai sukan cika shafi: uwar maƙera, masaba, awartaki, da sunan kowace irin fartanya.

Da ƙungiyarmu za ta yarda, da sai a ɗauki taro ɗaya cikin tarurrukanmu na shekara a yi shi a bakin karofi maimakon ɗakin taro. Kuɗin lemo da hayar kujeru ya isa a sallami marina uku. A je da safe kafin rana ta take, lokacin da ake motsa ruwa, kowa da littafinsa da biro, kuma kada a sa fararen kaya.