Ƙarfi Ya Cika, Amma Babu Hoto



Iskar da ta zo da ruwan farko na bana ta karkatar mana da dish ɗin gida. Da muka ji kuɗin da mai gyara zai karɓa, muka ce bari mu gwada da kanmu. Muka aro tsani da sifana. Ɗaya ya hau, ɗaya ya zauna gaban talabijin, autarmu kuma ta tsaya bakin taga tana kai saƙo.

Tauraron ɗan'adam da dish ke nema yana can sama, kusan kilomita 36,000 daga ƙasa. Yana tafiya daidai da juyawar duniya, shi ya sa kullum yana wuri ɗaya a sararin sama. Shi bai gusa ba. Dish ɗinmu ne ya kauce, kaucewar ma da ƙyar ido zai gane ta.

Dikoda tana nuna layi biyu, ɗaya na ƙarfin sigina, ɗaya na inganci. Tun farko layin ƙarfi ya cika, muka yi ta murna, amma hoto ya ƙi zuwa. Muna cikin haka sai wani ɗalibinmu na makarantar tauhidi ya zo wucewa. Ya taɓa yin wannan sana'a kafin ya amsa kira. Ya yi dariya ya ce, "Baba, ƙarfin nan yana nuna waya da na'urar gaban dish suna aiki ne kawai. Ko wani tauraro dabam kuka fuskanta zai iya cika. Inganci za ku duba."

Maganar nan ta hana mu barci. A makon nan mun koyar a aji, mun yi wa'azi, mun zauna taron kwamiti. Amma da muka tambayi kanmu yaushe rabonmu da buɗe Littafi Mai Tsarki ba don shirya darasi ba, sai kunya ta kama mu. Ikkilisiyar Afisa ma haka take a Ru'ya ta Yohanna sura 2. Ubangiji ya yaba aikinta da haƙurinta, duk da haka ya tsauta mata domin ƙaunarta ta farko ta yi sanyi.

Wannan ya shafi zumuntarmu. Muna iya cika koyon waƙa, kwanan addu'a da fita bishara, zuciya kuwa tana kallon yabon mutane, ko wata 'yar'uwa a benci na gaba, ko hoton da za a sa a Facebook. Daga waje babu mai ganewa.

Ga yadda ɗalibin ya koya mana. A sassauta noti kaɗan, a matsa dish kamar faɗin yatsa, a dakata, domin dikoda tana ɗaukar 'yan daƙiƙoƙi kafin ta amsa. Mai gaggawa yakan wuce tauraron bai sani ba. Wanda ke kan tsani kuma ba ya ganin allo, dole ya saurari na cikin ɗaki. Da autarmu ta yi ihu cewa hoto ya zo, aka ɗaure notin a hankali, ana duba layin inganci.

A wannan mako, kowannenmu ya ware lokaci kaɗan shi da Ubangiji, babu waya a hannu. Ya kuma nemi ɗan'uwa amintacce ya tambaye shi, "Me kake gani a rayuwata?" In ya faɗa, kada mu yi gardama daga kan tsani.

Mu yi addu'a: Ya Uba, ka juyo da zukatanmu wurin Ɗanka. Cikin sunan Yesu, amin.