Neman Malamai daga Bebeji zuwa Doguwa

Wata ƙungiyar ci gaban al'umma ce ta saka ni cikin kwamitin tantance malaman da za ta ɗauka a kudancin Kano. Muka bar birni da sassafe ta titin Zariya.

A Bebeji muka fara zama, ƙasar da madatsar ruwan Tiga take. Masu neman aiki sun cika harabar makaranta, kowa rungume da takardarsa ta NCE. Shugabanmu, wani dattijo tsohon hedimasta, ba ya daɗewa kan takardu. Alli yake miƙa wa mutum ya ce, "Malam, ga allo, ga 'yan aji uku. Koya musu raba goma sha biyu gida huɗu." Wani ya juya wa yara baya yana ta rubutu. Wani kuwa ya aika a tsinto masa duwatsu, nan da nan aji ya ɗauka.

A Kiru wani saurayi ya miƙo wasiƙar wani babban mutum. Dattijon ya karɓa hannu biyu, ya ajiye gefe, ya ce, "Ɗana, wasiƙa ba ta shiga aji. Karɓi alli."

Daga Kwanar Ɗangora muka karya zuwa Tudun Wada, garin shinkafa. Aka tambayi wata malama yadda za ta yi da yaron da ke ɓacewa duk lokacin girbi. Ta ce, "Baba, gidansu zan je in durƙusa wa mahaifinsa, ya bar mini shi da safe, ya je gona da yamma." Duk muka ba ta maki.

Da muka ratsa dajin Falgore muka shiga Doguwa, tambayar ta sauya: "Za ka zauna? Ina za ka kwana? Iyalinka fa?" Ƙauyukan wajen Riruwai sun sha ganin malamin da ke karɓar aiki yau, gobe ya fara neman sauyin wuri.

A 2017 gwamnatin Kaduna ta ce malamai 21,780 sun faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu, bayan sun shekara da shekaru ɗalibai na hannunsu. Da tun ran ɗauka aka gwada su, da ba a kai ga haka ba. Ina roƙon hukumar SUBEB ta Kano da masu makarantu: kada a ɗauki malami sai an ga koyarwarsa gaban yara, an kuma tabbatar zai zauna inda aka tura shi.