Kwanakin da Ɓargo Ya Yi Shiru

Ina aji biyu a jami'a ƙanwata, wadda aka haifa da sikila, ta kwanta wani ciwo da bai yi kama da wanda muka saba gani ba. Babu kukan ƙashi, babu kumburi. Zazzaɓi ne sama-sama da kasala, sai tafin hannunta ya yi fari fat. Inna ta ce a bari sai da safe. Ni da nake taƙama da karatun kimiyya na goyi bayanta, abin da har yau yake ci mini rai.

Da aka auna jininta, likita ya ce ɓargonta ne ya dakata da aiki. A daren nan, a bakin gadonta, na fahimci darasin da na haddace don jarrabawa kawai. Cikin ɓargo akwai ƙwayoyin tushe, 'yan kaɗan, masu iya sabunta kansu tsawon rayuwa. Till da McCulloch ne suka gano alamarsu a Toronto a 1961, cikin saifar ɓeraye. Amma ba su ke ɗaukar nauyin aikin yau da kullum ba. Suna haifar waɗansu ƙwayoyi, magabatan jini, waɗanda sun riga sun zaɓi hanya: wannan jan jini zai zama, wancan fari. Rabuwarsu tana da iyaka, sai dai kafin su ƙare kowanne ya bar zuriya mai yawa. Ta hannunsu jikin baligi yake samun jajayen ƙwayoyi kimanin miliyan 2 a kowace daƙiƙa.

Magabatan jan jinin nan ƙwayar cutar B19 take kamawa, ta tsayar da su kamar mako guda ko kwana 10. Mai lafiya ba zai ko lura ba, domin jajayen ƙwayoyinsa suna kai kwana 120. Na mai sikila kuwa da ƙyar suke wuce kwana 20. Rumbun da ake ɗiba ba a zubawa ke nan.

An ƙara mata jini leda biyu. A rana ta tara likita ya shigo da takarda, ya ce sababbin ƙwayoyi sun fara fitowa. Inna ta dube ni.

"Me yake nufi?"

Na ce, "Inna, ɓargon ya farka."

Ta yi hamdala, ta aike ni sayo koko.