Idan Na'urar Gem Ta Fara Gurnani

Uwargida, in dai kina da samari a gida, da wuya a ce ba ki san ƙarar nan ba. A zura faifai cikin na'urar gem, sai ki ji tana gurnani kamar injin markaɗe, ko tana ƙas-ƙas kamar ɓera a bayan kwaba. Kafin ki ankara yaro ya ɗauko sukundireba yana cewa, "Umma, na gani a YouTube, minti goma ne." Shin ki bar shi ya kwance ta, ko ki karɓe ki aika wa mai gyara?

Ni dai abin da nake fara yi shi ne kasa kunne, domin ba kowace ƙara ce ciwo ba. PS4 da PS5 kwafe wasan suke yi daga faifai zuwa ma'ajiyarsu ta ciki, saboda haka faifan kan juya da ƙarfi lokacin kwafewa, daga baya ya lafa. Wannan lafiya ce. In kuwa an cire faifan amma hucin bai daina ba, to fanka ce, ƙurar hunturu ta toshe mata hanyar iska. A fito da na'urar daga cikin kabad, a ɗauke ta daga kan kafet, a share ramukan iskar da busasshen buroshi. Sau da yawa shi ke nan.

Sai ki duba faifan kansa. Wanda ya tsage, ko ya lanƙwashe don an bar shi a rana, ko aka manna masa takarda, ba ya juyawa daidai, dole ya yi karkarwa. A gwada wani. Kuma ki ja kunnen yara kada su ɗaga na'ura faifai na juyawa a ciki. Xbox 360 ta yi ƙaurin suna wajen zana wa faifai zobe ta wannan hanya.

Tamu ta gida tsohuwar PS2 ce, siririyar nan da ta fito a 2004, wadda murfinta ke buɗewa ta sama. Da ta fara ƙas-ƙas tana ƙin karanta faifai, na sa aka zare ta daga soket, na ɗiga sifirit kaɗan a tsinken auduga, na shafi ɗan idon gilashin nan a hankali, muka bari ya bushe. Ta tashi. Ko noti ɗaya ban kwance ba, kuma iyakata ke nan. Kamfanin Sony ya daina ƙera PS2 tun farkon 2013, ya rufe gyaranta a Japan a 2018, don haka babu wani garanti da zan yi asara.

Sabuwa fa daban take. In garantinta bai ƙare ba, yage tambarin da ke kan noti na iya sa mai shago ya ce ba ruwansa. Na biyu kuma, wanda yara ba su cika sani ba: a Xbox 360, da PS4 samfurin farko na 2013, da PS5 ta 2020, ɗan allon da ke jikin mazubin faifai an ɗaura masa aure ne da babban allon na'urar. Ka sayo wani mazubin ka dasa ba tare da ka mayar da allon asali ba, wasa ba zai tashi ba. Ga wayoyi shafal-shafal kamar ledar alawa, jan farce ɗaya ya tsinka su. Ga ɓangaren wuta da kan riƙe caji ko bayan an zare waya. Ga hasken lesa da ke illa ga ido in an kunna ta a buɗe. Haba 'yar uwa, ɗan shekara 12 ne zai shiga wannan dajin?

Duk da haka ba na son a kashe wa yaro gwiwa. Shekarun da na yi a aji sun nuna mini cewa mai son kwance abu ya ga cikinsa baiwa gare shi, ba ɓarna kaɗai ba. Ki ce da Abbansu ya tafi da shi wurin mai gyara ya tsaya ya gani, ko a samo masa matacciyar na'ura ya koya a kanta. Amma in ta aro ce daga gidan maƙwabta, ko taɓa noti kada ya yi. A mayar wa masu ita a gaya musu gaskiya.

In za a kai gyara, a tafi da faifan da ke ƙarar da wani mai kyau. A tambayi ƙannen ko sun cusa mata wani abu, don tsaba da katin waya da tsinken tsire duk ana tsinta a ciki. A yi ciniki kafin a buɗe, a ce a dawo da duk abin da aka cire, kuma a gwada ta a gaban ɗan aike kafin a biya.