Mu Ma Muna Da Bakin Ruwa

A littafin labarin ƙasa mun karanta cewa gaɓar tekun Najeriya ta kai kusan kilomita 850, amma mu 'yan Batsari ko taku ɗaya ba mu taɓa yi a kanta ba. Tsakaninmu da Legas akwai fiye da kilomita 1,000. A waya muke ganin tsararrakinmu suna wasa a bakin teku, mu haɗiye yawu. Da muka kai wa malaminmu kuka, sai ya ce, "Kafin ku yi kwaɗayin na nesa, na kusa da ku kun san shi?"

Daga nan maganar tafiya ta taso. Mu goma sha huɗu ne da malamai biyu, cikin bas ta haya, a hutun da ya biyo bayan damina. Shawo kan iyaye ya fi haɗa kuɗin mota wuya, kuma da gaskiyarsu. Batsari da Safana duk a gefen Dajin Rugu suke, inda 'yan bindiga suka daɗe suna hana mutane sakat. Ba mu manta shekarar 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a yankinmu. Sai da malamai suka yi kwanaki suna tambayar direbobin tasha halin da hanya ke ciki, aka kuma kafa sharaɗi: a fita bayan rana ta ɗaga, a dawo kafin la'asar. Abokanmu uku duk da haka ba a bar su ba.

Da muka ɗauki hanyar Safana, sai muka ga ashe ƙasarmu kyakkyawa ce. Ga manyan duwatsu zube kamar an jera su da hannu, ga dawa ta sunkuyar da kai, ga kukoki tsaitsaye a gonaki. Amma mun ga kangaye, da gonakin da ciyawa ta cinye saboda masu su sun yi hijira. Nan motar ta yi tsit.

Zangonmu na farko wani rafi ne da ruwansa ya janye, ya bar yashi fari tas. Muka cire takalma muka yi tsere, muka ci dafaffen rogo da garin ƙuli. Malam ya sa muka tona rami da hannu, sai ga ruwa yana tsattsafowa. Ya ce da wannan ruwan na ƙarƙashin yashi masu lambu ke noman rani, shi ya sa kwasar yashi ba kan gado ke cutar da su.

Daga Safana muka wuce Dutsin-Ma, muka nufi madatsar Zobe, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa. Ruwa iya ganinka! Iska na kaɗa shi yana dukan gaɓa, masunta na ta harkarsu a kwalekwale. Wasunmu har sun fara naɗe wando, wani dattijo mai gyaran koma ya dakatar da mu.

"'Ya'yana, kun iya ruwa?"

"A'a, Baba."

"To ku tsaya inda kuke. Nan gwiwa ne, taku biyu gaba ya shanye raƙumi. Ga kuma tsargiya."

Muka ja da baya muka zauna. Malam ya zana mana taswira a ƙasa da tsinke: Karaduwa ya shiga Bunsuru, Bunsuru ya shiga Rima, a bi ta Sakkwato da Kebbi a faɗa Kwara, daga nan sai tekun Atlantika. Ashe ruwan da ke gabanmu can ya nufa.

Mun iso gida kafin kiran sallar la'asar, muka tarar da iyaye mata a ƙofar gida suna jira. Ku da ke wasu makarantu, in za ku yi irin wannan fita, ku nemi izinin iyaye, ku tafi da malami, ku tambayi lafiyar hanya, kada kuma wanda bai iya ruwa ba ya shiga. Abokanmu uku mun kawo masu yashin Zobe a gora, da alkawarin in Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, tafiya ta gaba da su za a yi.